Mangwaro da Cokali

Mu a Sakkwato ba mu san mangwaro da cokali ba.
Ka murza shi a tafin hannu har ya yi laushi,
ka ciji bakinsa, ka tsotsa,
ruwan ya bi ka har gwiwar hannu,
zaren ya kwana a haƙoranka.

Sai bazarar bara,
da rana ke tsayawa a kan mutum kamar mai bin bashi,
na fara kai kwando sansanin 'yan Sin
can bayan Kalambaina, inda ake shimfiɗa kwalta.
Mai girkinsu 'yar tsohuwa ce.
Sunanta ya fi ƙarfin bakinmu,
muka ce Gwaggo Lan, ta amsa.

Ba ta jin Hausa, ba na jin nata.
Da hanci take ciniki:
binta-suga ta sunsuna ta ajiye dama,
paparanda hagu,
mai zare kuwa ta girgiza kai, ta nuna haƙoranta.

Ran wata Laraba babur ya ƙi tashi.
Ina gindin dogonyaro ina jiran Bagudu makanike
ta leƙo, ta yafito ni.

Ta fiɗe kumatun mangwaro biyu,
ta tsaga su gida-gida kamar filin dara,
ta turo ɓawon ta baya, ya buɗe kamar bushiya.
Rabi ta markaɗa, rabi ta bari.
Cikin tukunya wasu 'yan ƙwayoyi suna tafasa,
farare, kamar idon kifi,
har farin ya gudu suka koma raɓa.
Ta tsame, ta ɗauraye.
Madarar kwakwa.
Sukari, cokali ɗaya, shi ma bai cika ba.
Ƙanƙara.

Na jira saura. Babu saura.

Cokalin farko ya gangara
ya je ya zauna inda zafin watan nan ya tare.
Ƙwayoyin suna wasan ɓuya a kan harshe,
ka kama ɗaya, ta sulluɓe.
Mangwaron fa namu ne, na lambun Tambari a Wamakko,
ni na kaɗo shi da gora bayan asuba,
amma ya gaishe ni kamar bai taɓa ganina ba.

Na nuna ƙwayoyin, na buɗe hannu: mene ne?
Ta shiga sito ta fito da leda mai hoto a jiki.
Rogo.
Rogo dai! Wanda muke ci da ƙuli a bakin tasha,
shi ne ya je yawon duniya ya dawo da farar riga.

Ta auna mini kofi biyu.
Daren nan na gwada a gida, wuta ta ɗauke,
na aiki Luba ta sayo ƙanƙarar ɗari biyu.
Inna Ige ta juya cokalin, ta yatsina fuska:
"Wagga ai hura ta, mangwaro anka sa mata."
Ta sha.
Ba ta ƙara magana ba
sai da muka ji cokali yana kankare kwano.
"Gobe a rage kwakwa," in ji ta.

Ranar da kwalta ta kai inda za ta kai
na je biyan bashi.
Na miƙa wa Gwaggo Lan mai zare guda, nunanne luguf,
na murza nawa, ta murza nata,
na ciza, ta ciza.
Ruwan ya bi hannunta ya shige ƙarƙashin agogo.
Direba yana ta danna ham,
ita tana tsugune tana lashe ƙwallon har ya yi fari,
tana dariya, tana cire zare da farce.

Yanzu sansanin awaki ke kwana ciki.
Saura rabin kofi a ledar, na ɗaure da tsumma
na ɓoye bayan langar Inna.
Jiya na bi ta lambun Tambari.
Sun fara huda.